Littafin Marker kan model tiyori: babi na uku kaɗai ya biya kuɗinsa

Duk wanda ya iya aljabara amma bai taɓa zama da ilimin manɗiƙi na lissafi ba, littafin David Marker mai suna Model Theory: An Introduction shi zan miƙa masa. Model tiyori reshen manɗiƙi ne da ke nazarin tsare-tsaren lissafi ta hanyar jimlolin da suke gaskiya a cikinsu. Kamfanin Springer ne ya buga littafin a 2002, lamba ta 217 a jerin littattafansu na ɗaliban digiri na biyu da na uku. Na saye shi lokacin da dala ta yi tashin gwauron zabi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Babi biyun farko shimfiɗa ce, mai haƙuri zai wuce su ba wahala. A babi na uku ne littafin ya nuna abin da ya iya. Ɗauki tambayar da kowane ɗan sakandare ya sani: yaushe ax² + bx + c = 0 ke da amsa a cikin lambobin ℝ, wato duk lambobin da ke kan layin lamba, idan a ba sifiri ba ne? Sai idan b² − 4ac bai gaza sifiri ba. Jimlar da ta fara da "akwai x" ta koma jimlar da babu "akwai" a cikinta ko kaɗan. Alfred Tarski ya tabbatar cewa wannan ba dace ba ne: a cikin ℝ, kowace jimla da aka gina da tarawa, ninkawa da "ya fi girma" ana iya tuɓe mata "akwai" da "ga kowane". Aikin nasa ya fito a 1948. Daga nan Marker ya ja zaren har zuwa matsala ta 17 a jerin matsalolin David Hilbert, kan folinomiyal (jimlar aljabara irin ax² + bx + c) da ƙimarsa ba ta sauka ƙasa da sifiri, wadda Emil Artin ya warware a 1927, ya kawo gajeriyar hujjarta ta hanyar manɗiƙi.

Wadda ta fi kama ni, ko da yake a babi na biyu take, ita ce hujjar James Ax. Maganar ita ce: duk taswirar folinomiyal daga ℂⁿ zuwa ℂⁿ (ℂ shi ne lambobin ℝ haɗe da tushen −1, ℂⁿ kuma jerin n daga cikinsu) da ba ta kai ɗigo biyu wuri ɗaya, to babu ɗigon da ta bari ba ta taɓa ba. A fil (tsarin lambobi da ake tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa a cikinsa) mai ƙidayayyun mambobi abin a bayyane yake. Baƙi goma, kujeru goma, ba a haɗa mutum biyu a kujera ɗaya ba, ai babu kujerar da za ta rage. Sai a lura cewa rufaffen fil da ke kan 𝔽ₚ, wato abin da ake samu idan aka ƙara wa 𝔽ₚ (fil mai mambobi p, inda p lambar firam ce) amsoshin duk folinomiyal ɗinsa, tarin irin waɗannan ƙananan fil ɗin ne, don haka maganar ta tabbata a can ga kowane p. Tunda kuma ana iya rubuta ta da harshen manɗiƙi na matakin farko, sai ta tsallaka zuwa ℂ. Shi ke nan, hujja ta ƙare. Sai da na ajiye biro na yi dariya ni kaɗai.

Daga babi na shida hanya ta fara hawa dutse. Nan ne tiyorem ɗin Michael Morley na 1965 yake, da ma'aunin girman saiti da ake kira da sunansa. Babi na bakwai na guruf ne, wato tsarin aljabara mai aikin haɗawa guda ɗaya da ake iya warwarewa, kuma a ciki akwai sakamakon Angus Macintyre na 1971, cewa duk fil mara iyaka mai daidaiton ω (sharaɗin da babi na shida ya ginu a kansa) dole ya kasance rufaffe ta fuskar aljabara, wato kowane folinomiyal da ba tsayayyar lamba ba yana da amsa a cikinsa. Wannan babin ne ƙofar hasashen Cherlin da Zilber kan sauƙaƙan guruf masu ƙidayayyen ma'aunin Morley, wanda har yau ba a warware shi gaba ɗaya ba. A ganina an ɗan yi sauri a nan. Wanda guruf tiyori ɗinsa ya yi sanyi gara ya fara ɗumama shi tukuna. Babi na takwas ya leƙa aikin Ehud Hrushovski na 1996 kan hasashen Mordell da Lang, amma leƙe ne kawai.

Atisayen suna da yawa, wasu muhimman sakamako ma a cikinsu aka ɓoye su, kuma babu amsoshi a baya. Mai karatu shi kaɗai zai ji jiki. Mu haɗuwa muka riƙa yi da abokan karatu duk Asabar, kowa ya ɗauki atisaye ɗaya ya hau allo, sauran su yi ta neman inda hujjarsa ke yoyo.