Harafi, Tauraro ko Baƙin Tambari: Wane Ma'auni Za Ka Bi Wajen Sayen Abinci?

Ɗauki kwali biyu na hatsin karin kumallo, irin wanda ake zuba wa madara. Kowanne an ƙawata shi da hoton zangarniyar alkama, kowanne yana iƙirarin yana ɗauke da bitamin. Ta gaba kamar an tsaga kara. Sai ka juya baya ka tarar ɗaya na da sukari giram 6 a cikin kowane giram 100, ɗayan kuma giram 30. Irin wannan rufa-ido ne ya sa ƙasashe da masana suka ƙirƙiro hanyoyin ba abinci maki. Sai dai hanyoyin sun yi yawa, kuma sau tari abin da wannan ya yaba shi wancan ke kushewa.

Wanda ya fi suna shi ne Nutri-Score, da Faransa ta amince da shi a 2017, daga baya Beljiyam da Jamus da wasu ƙasashen Turai suka bi sahu. Harafi ɗaya yake ba abinci, daga A mai launin kore zuwa E mai ja-ja. Ana duba giram 100 na abincin, a tara masa laifi bisa yawan kalori, sukari, gishiri da kitse mai daskarewa, sannan a rage masa laifin bisa furotin, faiba (ɓangaren tsiro irin dusa da ciki ba ya narkarwa), da 'ya'yan itace ko ganye ko wake da ke ciki. Daɗinsa sauri: kallo ɗaya ka gama. Illarsa kuwa a cikin lissafin take, domin alheri na iya rufe sharri. Kamfani zai iya barin sukarinsa kusan yadda yake, ya ƙara faiba, harafin ya haura. Akwai kuma rigimar man zaitun, wanda ya fara da D, aka mayar da shi C, sai a gyaran 2023 ya kai B, alhali lemon kwalba marar sukari ya daɗe yana riƙe da B kafin wannan gyaran ya sauke shi zuwa C. Italiya ta yi ta adawa da tsarin saboda cukunta da manta. Gaskiyar magana, ba wanda ke shan giram 100 na mai a zama ɗaya. Harafin yana da amfani ne in za ka gwada yogot da yogot, ko burodi da burodi. Ka gwada mai da lemo da shi, ka ɓata.

Taurarin Ostareliya da New Zealand, da aka fara a 2014, 'yan gida ɗaya ne da wannan: daga rabin tauraro zuwa biyar, lissafin ma kusan iri ɗaya. Labarin garin Milo ya isa misali. An taɓa manna masa taurari huɗu da rabi, saboda an ƙirga shi a matsayin wanda aka dama da madara marar kitse, alhali shi kaɗai ɗaya da rabi yake samu. Da surutu ya yi yawa, aka cire tambarin a 2018. Abin da ya fi damuna da waɗannan biyun shi ne ba dole ba ne. Kamfani na iya sa wa kayansa masu kyau, ya bar sauran tsirara. Saboda haka rashin tambari a kwali ma magana ce.

Birtaniya ta bi wata hanyar daban tun 2013, ta ari launukan danja. Maimakon hukunci ɗaya, kowane sinadari da fitilarsa: kitse, kitse mai daskarewa, sukari, gishiri. A giram 100, sukarin da ya wuce giram 22.5 ja ne, giram 5 ko ƙasa kore ne, tsakaninsu ruwan ɗorawa. Gishiri ja ne in ya haura giram 1.5, kore in bai wuce 0.3 ba. Kitse ja ne sama da 17.5, mai daskarewa kuma sama da 5. Masu suka na cewa mutum kan rikice in ya ga ja biyu da kore biyu a kwali ɗaya, kuma suna da gaskiya. Amma mai hawan jini ba ruwansa da jimilla, fitilar gishiri yake nema, kuma a nan ba abin da zai ɓoye ta. Ga wani alfanu da ba a cika faɗa ba: waɗannan lambobi za ka iya haddace su, ka yi aiki da su a kan kowane kwali a duniya muddin akwai jadawalin sinadarai a bayansa, ko da babu launi ko ɗaya.

Chile ita ba ta tsaya lallashi ba. Daga Yunin 2016 doka ta tilasta manna baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban duk abincin da aka cika wa sukari, gishiri, kitse mai daskarewa ko kalori, da rubutu ɓaro-ɓaro cewa abu kaza ya yi yawa. Iyakokin sun yi ta tsananta har 2019, inda abinci mai tauri ke samun tambari in sukarinsa ya wuce giram 10 a 100, abin sha kuma giram 5. Ka ga ya fi na Birtaniya tsauri nesa ba kusa ba. Abin da ya sami tambari ba a sayar da shi a makarantu, ba a tallata shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, har zanen dabbobin da ke jan hankalin yara sai da aka goge daga kwalaye. Peru da Meziko sun kwaikwaya. A ganina wannan ne ya fi wuyar yi wa dabara, don ba a sayen afuwa da faiba. Gazawarsa ita ce ba ya yabo: abubuwa biyu marasa tambari, ba zai gaya maka wanda ya fi gina jiki ba.

Sai NOVA, wanda tambayarsa ma daban ce. Carlos Monteiro na jami'ar Sao Paulo a Brazil ya fito da tunanin a 2009. Shi ba ya ƙirga giram, yana duba irin sarrafawar da abinci ya sha ne, ya kasa shi gida huɗu: wanda ba a taɓa ba ko an ɗan gyara, kamar ƙwai da shinkafa, na biyu kayan girki kamar mai da gishiri, na uku abincin da aka sarrafa da su, kamar kifin gwangwani, sai na huɗu, wanda masana'anta ta harhaɗa da sinadaran launi da ɗanɗano da ba a samu a ɗakin girki. A 2019 wani gwaji da Kevin Hall ya jagoranta a Amurka ya ciyar da mutum 20 mako biyu da irin na huɗun, mako biyu da abincin da ba a sarrafa ba, sai ga shi a makonnin da aka ba su irin na huɗun suna cin ƙarin kalori kusan 500 a rana. Mutum 20 ba yawa ba ne, amma sakamakon ya girgiza masana. Inda NOVA ke tuntuɓe shi ne yakan zuba burodin alkama na leda da alewa a kwando ɗaya, kuma sukarin da ka zuba da hannunka ba ya ganin laifinsa.

Ma'aunin saurin tashin sukarin jini, wanda David Jenkins ya gabatar a Toronto a 1981, na masu ciwon sukari ne tare da shawarar likitansu. Kankana na da maki mai yawa a kansa, cakulan kuma ƙasa da ita, saboda kitse na jinkirta narkewa. Wannan kaɗai ya nuna ba ma'aunin lafiya gaba ɗaya ba ne. Manhajojin waya irin su Yuka kuma haɗe-haɗe suke yi: kashi 60 daga Nutri-Score, 30 daga sinadaran ƙari, 10 daga noma ba taki na zamani. Wannan rabon ra'ayin masu manhajar ne, kada makin da take bayarwa cikin ɗari ya sa ka ɗauka wahayi ne.

To wanne za a ɗauka? In kana gaggawa tsakanin kaya biyu iri ɗaya, harafi ko tauraro ya wadatar. In ka ga baƙin tambari, ka yarda da shi. Ni dai lambobin danja nake yawo da su a ka, sannan in karanta jerin kayan haɗi, tunda ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta: sukari a cikin ukun farko ya ishe ni amsa. A kula da layin da za a karanta, na giram 100 ne ake gwadawa da shi, don "rabon mutum ɗaya" kamfani ne ke yanke shi, kuma yakan yanke shi ƙarami. In an rubuta sodiyam maimakon gishiri, ninka shi sau biyu da rabi ka sami yawan gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba kada ya kai giram 5 a rana, don haka fakitin taliyar gaggawa mai sodiyam miligiram 1,600 ya riga ya cinye giram 4 daga ciki.