Haddar Lambobi ko Takawa da Kiɗan Hunturu

Malamin da ke koyar da kalmomin Italiyanci na saurin kiɗa yana da hanyoyi biyu. Zai iya kunna na'urar ƙirga bugu, ɗalibai su haddace cewa largo bugu 40 zuwa 60 ne a minti ɗaya, allegro kuwa yana farawa daga kimanin 120. Wannan yana taimakawa a jarrabawa, amma lambobin kan gushe da wuri.

Ni na fi son hanya ta biyu, wato idan sanyi ya kama, a kunna musu kiɗan hunturu na Vivaldi (mai tsara kiɗa ɗan Italiya), wanda aka wallafa a 1725, yaran su ja ƙafa sannu a hankali a sashen largo, sannan su ɗaga ƙafa da hanzari da zarar allegro ya shigo. Sai dai tana bukatar fili, dole a tura tebura gefe.