Na'urar juya kaset zuwa MP3: a damƙa mata kaset-kaset ɗin marigayi Malam?

Idan tsohon malamin makaranta mai son waƙa ya rasu, Allah ya jiƙansa, cikin abin da iyali kan tarar akwai kwalin kaset, kowanne da rubutunsa mai tsabta a jiki: kiɗan kalangu, taushi, kotso, kuntigi, wasu an naɗo su daga Rediyon Kaduna, wasu a wurin biki. Abin da 'ya'ya kan saya don ceto su shi ne 'yar na'urar nan mai kama da Walkman, mai cin batir AA biyu ko wutar USB. Iri biyu ce: wata tana zuba MP3 kai tsaye cikin filash, wata sai an haɗa ta da kwamfuta.

Ga magana zalla, kamar jawabin Malam ranar bikin yaye ɗalibai ko karatun da ya naɗa, na'urar ta wadatar. Ga waƙa kuwa, ba ta kai ba. Zaren kaset yana tafiya ne a kan santimita 4.76 cikin daƙiƙa, kuma dole gudun ya tsaya cak. Injin wannan na'ura ƙarami ne, kayan cikinsa roba ce, don haka gudun yana rawa, sai ka ji muryar mawaƙi tana karkarwa, amshi yana lanƙwasa. A kiɗan kuntigi abin ya fi fitowa fili, domin tsirkiya ɗaya ce, ba inda kuskure zai ɓuya. Akwai kuma ƙugin da ke shiga sauti idan an ba ta wuta ta USB. Sabon batir yana rage shi. Maɓallin da ke juya gefe da kansa ma a guje shi, gara a ciro kaset a juya da hannu, saboda gefe na biyu yakan fito a dushe.

Mai filash ɗin ta fi sauƙi amma ta fi rauni, domin galibi a matse take naɗa sauti, a 128 kbps, ba ka da ikon daidaita ƙarfin sauti. Da mai kwamfuta, a buɗe manhajar Audacity, kyauta ce, a saita 44,100 Hz da 16-bit, a bar ƙololuwar sauti kusa da -6 dB, a adana a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Minti ɗaya yana cin kusan MB 10, wato kaset C90 guda, mai minti 90, zai kai MB 900. Daga nan sai a fitar da MP3 na rabawa dangi. A kuma shirya wa lokaci: kaset C90 guda 100 awa 150 ne na zama, babu gajeriyar hanya.

Yawancin ɓarnar kafin a danna maɓalli take faruwa. A fara karya 'yan haƙoran da ke saman kaset don kada a shafe shi bisa kuskure. A leƙa ƙarƙashin zare: akwai ɗan soso da ke danna shi jikin kan na'ura, wanda masu gyara ke kira hed. Mannensa yakan bushe ya faɗi, sauti ya yi ƙasa ko ya ɓace. A sa biro a juya zaren a ji ko ya liƙe, sannan a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi. Kaset ɗin da ya yi farar fumfuna saboda damina a ware shi, zai gurɓata sauran. C120, mai minti 120, zarensa siriri ne ƙwarai, wannan na'ura tana iya tauna shi, kada ma a gwada. Bayan kowane kaset biyu ko uku, a goge hed da robar da ke jan zare da auduga da sifirit, a bari su bushe.

Wanda kwalinsa waƙa ce ta fi yawa, ya nemi tsohon dek, wato babbar na'urar kaset ta gida, na Technics, Sony ko JVC wurin masu kayan gwanjo, a canza masa bel, a haɗa shi da kwamfuta ta ɗan akwatin shigar da sauti irin Behringer UCA202. Kafin a fara, a ɗauki hoton kowane murfi, a ba fayil lamba iri ɗaya da ta hotonsa, a ajiye kwafi biyu a wurare daban-daban.