Madubin farauta ko na harbin nesa: Leupold VX-Freedom da Vortex Viper PST Gen II

Madubin saitin bindiga guda biyu ne na kamfanonin Amurka: Leupold VX-Freedom 3-9x40 na maharban barewa, da Vortex Viper PST Gen II 5-25x50, irin wanda ake kira taktikal, na masu gasar harbin nesa. Lambobin farko yawan kusantowa ne (sau 3 zuwa 9, sau 5 zuwa 25), ta ƙarshe faɗin gilashin gaba ne a milimita. Kafin ka kai ido kansu, hannunka zai gaya maka bambancinsu. Na Leupold bai kai giram 350 ba, na Vortex kuwa ya kusa giram 900. Wanda zai wuni da bindiga a kafaɗa ya san rabin kilo ba wasa ba ne.

Babban bambancin yana wurin mamurɗan saiti. Na Leupold a rufe suke da murfi. Ka daidaita saiti sau ɗaya a mita 100, ka mayar da murfi, shi ke nan; reshe ko jaka ba za su goce maka da shi ba. Kowane ƙas ɗaya na mamurɗin rubu'in MOA ne (wani ma'aunin kusurwa), wajen milimita 7 a mita 100. Na Vortex a buɗe suke, manya, da lambobi ɓaro-ɓaro, don an yi su ne a riƙa murɗawa a kowane harbi. A samfurin mil (shi ma ma'aunin kusurwa ne, ba mil na tafiya ba), ƙas ɗaya santimita 1 ne cif a mita 100. In lissafi ya ce harsashi zai sauka da mil 4.2, sai ka murɗa ƙas 42, ka ɗora tsakiyar zare, wato layukan saiti da ke cikin madubin, a kan abin harbi. Akwai birki da ke tsayar da mamurɗin a sifili in ka dawo da shi. Matsalar ita ce mantuwa: ka murɗa don mita 600, ka manta ba ka mayar ba, harbi na gaba a mita 100 sai ya bi ta saman dabbar.

Zaren saitin ma daban. Leupold na da Duplex, wanda kamfanin ya fito da shi tun 1962: layuka masu kauri a gefe, sirara a tsakiya, girmansu ba ya canzawa ko ka ƙara kusantowa. Da asuba ko gab da magariba, ido na kama shi nan take. Zaren Vortex yana girma yana ƙanƙancewa tare da hoton, shi ya sa alamominsa ke daidai a kowane mataki. A filin gasa wannan alheri ne. Amma a 5x zaren yakan sirance kamar gashi, ya ɓace a duhun kurmi, sai ka kunna fitilarsa. Kuma 5x ta yi yawa ga dabbar da ta ɓullo a mita 30. Kafin ka nemo ta a gilashi ta yi gaba.

Kada lamba 25 ta ruɗe ka. Raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantowa: 50 a raba da 25, hasken da ke isa ido milimita 2 ne kacal, kai ya ɗan motsa hoto ya yi baƙi. Leupold a 9x yana ba da fiye da milimita 4. Inda Vortex ya yi zarra shi ne mamurɗin gefe na gyara gocewar zare daga kan hoto, tun daga yadi 25. Na Leupold an kafe shi a yadi 150.

Wajen ɗaurawa ake yawan ɓarna. Bututun Leupold inci 1 ne, na Vortex milimita 30, zobban wannan ba sa shiga wancan. Vortex ya ce a ɗaure sukurorin zobba da ƙarfin inci-fam 15 zuwa 18. In aka wuce, bututu ya matse, mamurɗi ya daina bin lissafi. A bar tazara tsakanin ido da madubi kamar santimita 9, in ba haka ba shurin bindiga ya fasa gira.

Kuɗin Vortex ya ninka na Leupold fiye da sau biyu, kuma ya cancanta ga mai na'urar awon nisa, mai harbi a kwance daga mita 500 zuwa sama. Maharbin da bai wuce mita 250 ba, VX-Freedom ya ishe shi, rarar kuɗin ya sa a zobba masu kyau da harsashin gwaji.