Cikin sabuwar Polo mai lantarki, a idon mai ɗinkin kujerun mota

Shekarata 22 ina ɗinkin kujerun mota a Kaduna. A Tudun Wada na koya, gefen tsohuwar Panteka, a hannun ƙanen mahaifina, lokacin da rabin aikinmu Peugeot ne, 504 da 505 da suka fara gajiya. Yanzu ina da rumfata, keken ɗinki biyu, yara uku. Ni mota ba ta zuwa wurina da kwalliyar sallarta. Sai silin ya zubo yana shafar hular direba, soson kujera ya lotsa har mutum na jin ƙarfe, sannan ake tunawa da ni. Don haka in an nuna min hoton sabuwar mota, shekarunta na tsufa nake hangowa.

Ran Asabar bayan La'asar, majalisarmu ta cika a bencin gaban rumfa. Wani matashi ma'aikacin banki da ya kawo Golf ɗinsa a sa mata kafet ya miƙo min waya, ya ce, "Baba, don Allah duba cikin motar nan, ka faɗa min gaskiya." Kafin in gama goge tabarau, wayar ta zagaya hannu huɗu.

Motar Volkswagen ce, ƙarama mai gajeren baya irin Golf, wadda but ɗinta ke ɗagawa tare da gilashin baya. Sun fara nuna samfurinta a Maris 2023 da sunan ID. 2all, sannan a Satumba 2025, a baje kolin motoci na Munich, suka ce sunanta na kasuwa ID. Polo, a 2026 za ta fito, a Sifen za a haɗa ta. Tsawonta mita 4 da ɗan ɗoriya. Ba ta shan mai, lantarki ce zalla, kuma tun farko sun yi alkawarin kuɗinta ba zai kai Yuro 25,000 ba. Alhajin da ke da filin sayar da motoci a kan baifas yana jin an ce lantarki ya ce, "Da wace wutar?" Aka kwashe da dariya, aka wuce wurin. Maganar caji a garin nan hira ce ta wata rana.

Abin da na fara ce wa matashin shi ne, mu ba mu ne masu ɓare ledar mota ba. Motar da aka ƙera a Turai bana, sai ta shekara goma ko goma sha biyar, ta wuce hannu biyu, ta hau jirgin ruwa ta sauka Legas ko Kwatano, kafin ta ga Kaduna. Golf 3 da ta fito tun 1991 har gobe tana lodi a Kawo. To duk wanda zai yanke wa cikin wannan Polo hukunci a nan, ya yanke shi a kan yadda za ta kasance a hannun mai ita na uku, bayan hunturu goma ya ratsa ta.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne maɓallai sun dawo. Wanda bai bi labarin ba zai ce me ye abin murna a maɓalli. Lokacin da Golf 8 ta fito a ƙarshen 2019, an kwashe kusan duk abin murɗawa da na dannawa daga gabanta. Ƙara sautin rediyo ko rage sanyin esi ya koma shafa wani siririn layi a ƙasan allo, kuma layin ba shi da fitila, da dare sai lalube. A wasu samfuran har sitiyarin shafawa ne. A ID.3 kuma, wata motarsu mai lantarki, gilasai huɗu aka bar wa direba maɓalli biyu, sai ka taɓa wani wuri tukuna su koma na baya. Masu motocin a Turai suka yi ta ƙorafi har shugaban kamfanin, Thomas Schäfer, ya fito ya amince an yi kuskure, a 2024 aka mayar wa Golf maɓallan sitiyari, aka sa wa layin nan haske. Hukumar Euro NCAP mai gwada lafiyar motoci ma ta ce daga 2026 za ta rage wa mota maki in sigina, fitilar haɗari, hon, waifa da kiran gaggawa ba su da abin taɓawa na zahiri.

A wannan sabuwar, akwai jerin maɓallan esi a ƙasan allo, akwai abin murɗa sauti, sitiyari na da maɓallai na gaske, gilasai huɗu kowanne da nasa. Wani dattijo a majalisarmu, wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kaduna da Zariya kafin gwiwa ta zaunar da shi, ya daɗe yana kallon hoton, ya ce, "Yanzu suka yi hankali. Hannu ne ke sanin gidan kowane abu, ido na titi ne." Gaskiyarsa. Ka shiga Ahmadu Bello Way wajen Kasuwa da yamma, mai Keke ya faɗo maka ta hagu, mai tura baro ta dama, a ce a nan za ka sunkuya kana neman inda aka ɓoye fanka a cikin allo.

Matashin ya kawo hujja mai kyau, ba zan danne masa ba. Ya ce maɓalli ma ƙura na cika shi, ya maƙale. Haka ne, kullum muna gani. Amma maƙwabcina rewaya ya ba shi amsa kafin in buɗe baki: maɓalli in ya maƙale, a ciro shi, a hure, a goge, in ya ƙi a samo na wata mota a Panteka, kafin Magariba an gama. Ya ba mu labarin wata mota da aka kawo masa a watan Afrilun bara, ba zan kama sunanta ba, allonta ya mutu, kuma duk sarrafa esi a cikinsa yake. Motar ta tsaya a kan hura iska mai zafi, ba kashewa ba ragewa. Mai ita ya yi sati uku yana yawo da gilashi a sauke, yana jiran allo daga Legas.

Allon wannan Polo ma ba ƙarami ba ne. A samfurin da suka nuna, na tsakiya inci 12.9 ne, na gaban direba 10.9, kuma na tsakiyar a tsaye yake cirko-cirko a saman dashbod, daidai inda rana ke dukan mota in an ajiye ta a filin ma'aikata daga safe zuwa huɗu. Ban so wurin ba. Abin da ya sa ban yi masa faɗa sosai ba shi ne, ko ya mutu, esi da sauti suna da hanyarsu daban.

Akwai wani abu da ya tafi da hankalin samarin: a samfurin, ana iya juya allon gaban direba ya koma kamar mitar Golf ta farko ta 1974, ko ta tsohuwar Beetle mai kamar kunkuru, da allurarta da komai. Sun yi ta zuƙo hoton. Ni wasa na ɗauke shi, irin wanda za a nuna wa abokai sau biyu a manta.

Inda ni da motar nan muka raba gari shi ne yadi. Sun lulluɓe gaban dashbod da jikin ƙofofi da yadi mai haske, ya yi kyau a hoto kamar falon amarya. Alhaji ya yaba, ya ce ai ya fi baƙar robar nan mai ƙyalli da tsumma ɗaya ke zana mata layi. Na yarda da rabin maganarsa. Amma bari in faɗi yadda ake yin irin wannan aiki, tunda shi nake ɓarewa kullum. Yadin cikin mota galibi ana manna shi ne a kan wani siririn soso, kaurinsa bai fi na kwali ba, sannan a manna soson a jikin katako ko roba da gam. Yadin ba ya mutuwa da wuri. Soson ne zafi da laimar damina ke ci, ya koma gari ja-ja mai danƙo, sai yadin ya saki ya yi ciki. Shi ne dalilin zubowar silin da kuke gani, shi ne kumburin da ke fitowa a jikin ƙofa. To silin ke nan da ke cikin inuwa. Dashbod kuwa a ƙarƙashin gilashi yake kwance, wurin da ya fi ko'ina zafi a mota, inda a watan Maris ba ka iya ɗora tafin hannu.

Ga ƙura. Roba in ta yi ƙura ka goge. Yadi shanye ta yake yi, daga Disamba zuwa Fabrairu ya koma launin ƙasar Rigasa. Sai a kai wankin mota, yaro ya zo da burushi da ruwan Omo ya dirje, ruwan ya shiga ya jiƙa soson, ya ƙarasa abin da rana ta fara. Ban ma kawo maganar manja ba, da zoɓon yara, da turaren da ake ɗigawa a gaban mota ya bar tabo. Na ga irin wannan burgewar a baya. A farkon shekarun 2000 wasu motocin Turai sun zo da wani fenti mai laushi kamar roba a kan maɓallai da hannun ƙofa, kowa na shafawa yana yabo. Da suka iso nan suka sha rana, ya narke ya koma kamar ƙaro, yana kama yatsa. Mun kankare shi har mun gaji.

Wani zai ce to ai kasuwa ce ta buɗe min. Ba kamar yadda ake zato ba. Sake lulluɓe dashbod ya fi na kujera haɗari, saboda jakar iskar kariya ta fasinja, iyabag, a bayansa take kwance, kuma an raunana wani layi da gangan don ta fasa ta fito lokacin karo. Ka samu leda mai kauri ka shafe wurin da gam, ka toshe mata ƙofa ke nan. Haka gefen kujerun motocin yanzu, akwai ɗinkin da aka yi da zare mai saurin tsinkewa saboda iyabag ɗin gefe. Sau da yawa ina gardama da masu mota a kan wannan, mutum ya ce a ninka ɗinki ya yi ƙwari, in ce masa Yallaɓai wannan wurin dole a bar shi da rauninsa. Wasu su ji, wasu su kai wa wanda ba zai yi musu ba.

Wajen fili kam ba ni da ta cewa, sun yi ƙoƙari. But ɗin samfurin lita 490 ne, alhali na Golf 8 da ta fi ta tsawo 381 ne, in an kwantar da kujerun baya na samfurin ya kai 1,330. A samfurin akwai wani akwati mai makulli na lita 50 a ƙarƙashin kujerar baya, kuma bayan kujerar fasinjan gaba yana kwanciya, a zura abu mai tsawon mita 2.2. Alhaji bai san lita ba, da buhu yake awo, ya ƙanƙance ido ya ce masara biyu za su shiga a rufe. Ni akwatin nan mai makulli ya fi burge ni, don na san abin da ake bari a mota a ƙofar masallacin Juma'a.

Giya kuma sun ɗauke ta daga tsakiya sun mayar jikin sitiyari. Samarin suka ce sabon salo ne. Dattijon nan ya yi dariya har da tari, ya ce a Peugeot 404 ya koyi tuƙi, giyarta a sitiyari take, haka 504 ta farko-farko, tun kafin a buɗe kamfanin haɗa Peugeot a Kakuri a 1975. Sai rewaya ya ce in dai tsakiyar ta zama fili, direbobin Kawo sun samu wurin fasinja na biyu a gaba ba tare da an zauna wa giya a kai ba. Allah ya shirye su, amma kowa a wurin ya san haka za a yi.

Matashin ya matsa sai na ba ta maki. Na ce masa ni ba malamin makaranta ba ne, amma ga nawa: maɓallan sun ci, filin ya ci, allon na bar shi da halinsa, yadin dashbod kuwa ban yafe ba. In Allah ya kawo ta Kaduna kana da kuɗinta, nemi mai duhun yadi, ka sayi abin tare rana na gilashin gaba tun ranar farko, kuma kar ka bar ɗan wanki ya kusanci yadin da ruwa. Kujera kuma ka danna gefenta na wajen ƙofar direba da babban yatsa kafin ka biya, nan ne ke fara mutuwa a kowace mota, saboda a nan ake murzawa wajen shiga da fita.

Ana ta surutu, ƙaramin yarona da bai fi shekara 15 ba ya karɓi wayar ya koma gefe. Can ya dawo ya nuna min hoton da ya zuƙo, wata kwana kusa da ramin esi na ɓangaren fasinja, ya ce, "Oga, nan yadi ɗaya ba zai kwanta ba, sai an yanka biyu an haɗa." Na sa tabarau na duba, haka ne kuwa. Na ce ya mayar wa mai waya wayarsa ya je ya ƙarasa kankare silin ɗin da ya bari, an kusa kiran Magariba.