Gidan da muka saya a bakin tekun Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan alheri, a gaida mini Hajiya da su Antinmu da yara. Ka ce hotunan teku sun ishe ka, in zauna in rubuto maka gaskiyar zaman da yadda aka yi na bar Landan na sayi gida a ƙauye. Ba ƙauye ba ne, amma ba zan yi musu da kai ba, don titin kasuwarmu ɗaya ne, kuma in ka bi shi da ƙafa minti goma ka ƙure shi ka tarar da ruwa.

Garin yana gaɓar Norfolk, a gabashin Ingila, ba nisa da Cromer. Aiki ne ya kawo mu. A ƙidayar 2021, kusan mutum ɗaya cikin uku a wannan yanki ya kai shekara 65 ko ya wuce, saboda haka gidajen kula da tsofaffi kullum cikin neman ma'aikata suke. Kuɗin da muke biya hayar ɗaki biyu a Landan, a nan ya isa biyan gida mai bene da ɗan fili a baya. Da na ga haka sai zuciya ta ce gaba dai. Ban san araha ba ta ado ba sai daga baya.

Bari in fara da cinikin, tunda shi ka fi tambaya. Dillali a nan na mai sayarwa ne, shi ke biyansa lada, kai mai saye ba ka ba shi ko sisi, amma fa kada ka ɗauka naka ne don yana yi maka murmushi. In ka taya aka sallama, ba a yi komai ba tukuna. A Ingila ciniki bai faɗa ba sai ranar da lauyoyin ɓangare biyu suka yi musayar takardun yarjejeniya, kuma kafin a kai nan wata biyu ko uku ba abin mamaki ba ne. A tsakanin nan kowa na iya fasawa ba wanda zai kama shi. Mu an yi mana haka a gidan farko. Mun biya mai duba gini, mun biya lauya kuɗin bincike, matata har ta fara auna labule a ranta, sai dillali ya kira da sanyin murya ya ce wani ya ƙara kuɗi, mai gida ya koma can. Abin da muka kashe ya bi ruwa. A Sukotilan an ce mini tsarin ya fi wannan ɗaure mutum da wuri, amma mu a Ingila muke. Ranar musayar takardu ake ba da kafin alƙalami, yawanci kashi goma cikin ɗari, daga nan wanda ya janye shi ke da asara.

Sai maganar da za ta ba ka dariya. Ka tuna shekarun da kuka yi kuna yi mini faɗa in fara gini a gida kafin komai, ina ta noƙewa? Ashe noƙewar ce ta cece ni. Akwai harajin sayen gida. Wanda bai taɓa mallakar gida ba, an yafe masa harajin in farashin gidan bai wuce fam 300,000 ba. Amma "bai taɓa ba" ɗin nan ba a Ingila kaɗai ba, ko'ina a duniya ne, ko da gado ne ya ci. In kuwa kana da wani gidan da darajarsa ta kai fam 40,000 kana riƙe da shi, to wanda za ka saya na biyu ne a wurinsu, sai a ɗora maka ƙarin kashi 5 cikin ɗari, tun ƙarshen Oktoban 2024 da aka ɗaga shi daga kashi 3. Ɗauki gidan fam 200,000: sabon shiga ba ya biyan komai, wanda ya sayar da nasa ya canja wani zai biya 1,500, mai gida biyu kuwa 11,500. Lauya ta tambaye ni wannan har sau biyu, ta sa na sa hannu. Ta kuma bi diddigin kowane kwabo da ke cikin asusuna, har gudummawar da ka turo sai da ta nemi wasiƙa cewa kyauta ce ba bashi ba. Ka ga dalilin takardar da na dame ka da ita a lokacin.

Bashin banki da ruwa mun kauce masa. Akwai bankunan da ke tsarin haɗin gwiwa, su sayi gidan tare da kai, kana biyan hayar kasonsu kana saye a hankali har ya zama naka. Ya ɗan fi tsada, kuma mai zama da biza ana neman kafin alƙalaminsa ya fi na ɗan ƙasa kauri.

Wani abin da ba mu saba da shi ba: kana iya sayen gida ƙasar ba taka ba. Irin wannan suna ce masa lishol, wato mallaka ta wa'adi, shekara 99 ko 125, wani har 999. Yawancin ɗakunan da ke kallon teku haka suke, tsofaffin otal ne aka yayyanka. Kana biyan kuɗin kula da ginin duk shekara, kuma in wa'adin ya yi ƙasa da shekara 80 bankuna sukan fara ja da baya, sabuntawa ta yi tsada. Namu firihol ne, ƙasa da gini duka. Abin da zan yaba musu ba tare da kwana-kwana ba shi ne rajista. Sunanka ya shiga kundin hukumar rajistar filaye, shi ke nan, ba wanda zai ɓullo da wata takarda bayan shekara biyar ya ce na kakansa ne. Na kwana da wannan kwanciyar hankali.

Sai dai takardar mutum take kare ka da shi, teku ba ruwansa da ita. A nan ne nake son ka tsaya. Gaɓar wannan yanki ba dutse ba ce, yumɓu ne da yashi, ruwa yana cin ta ta ƙasa, ruwan sama yana jiƙa ta ta sama, sai ka wayi gari wani yanki ya zube. Akwai wani ƙauye da ake rubutawa Happisburgh amma a baki "Heizbra" suke cewa, kada ka tambaye ni dalili. Na je na ga titin kwalta da ya tafi sak ya yanke a iska, bututun ruwa na leƙowa daga jikin gaɓar, gidajen da yake kai wa babu su. A Hemsby, guguwar Disamban 2013 ta jefa gidaje cikin ruwa, a 2023 ma an sake rushe wasu kafin su faɗa. Tsofaffin da nake kula da su kuwa har yau suna maganar daren 31 ga Janairun 1953, da teku ya haura ya kashe mutum fiye da 300 a gabashin Ingila. Hukuma ta raba gaɓar kashi-kashi: wani wuri an yanke za a ci gaba da kare shi da katanga, wani an bar wa ruwa. Inshora tana ɗaukar ambaliya, har akwai wani shiri da aka fara a 2016 don sauƙaƙa kuɗinta ga gidajen da aka gina kafin 2009, amma zaizayar gaɓa ba ta ɗauka, gwamnati ma ba ta biyan diyyar gidan da ya tafi. In ka ga gida mai kyau a kan gaɓa da farashin da ya yi kama da kyauta, kyan ɗan maciji ne. Namu yana can ciki, kan tudu, sai ka hau bene ka leƙa ta tagar banɗaki za ka hango shuɗin ruwa kamar faɗin tafin hannu. Hotunan da nake turo maka tattaki nake yi in ɗauko.

Duk da nisan, gishiri yana iso mu. Iska ce ke ɗauko shi. Ƙyauren ƙarfen da na saya sabo, hunturu biyu ya yi tsatsa ta cinye maratayinsa. Keken yara da muka bari a waje ya zama abin tausayi. Gidan tsoho ne, bangonsa bulo ne cur ba rata a tsakiya, sai danshi ya ratso, funfuna ta fito baƙa a bayan kabad. In ka rufe tagogi don sanyi danshi ya ƙaru, in ka buɗe kuɗin gas ya tafi. Mai gyara kuma ba a samunsa yau-yau. A Landan ka kira goma, biyu su zo. A nan mai gyaran rufi ƙwararre ne, aikinsa ba algus, amma sai ya duba littafinsa ya ce maka bayan mako shida.

Wuta da ruwan famfo ba sa yankewa, shara ana kwashewa a ranarta, wannan ba sai na ja ba. Ana biyansu ne kawai, da harajin ƙaramar hukuma da ake lissafawa bisa darajar gida ta shekarar 1991. Likitan unguwa kyauta ne, sai dai layin waya da ƙarfe takwas na safe. Babban asibiti yana Norwich, tafiyar kusan minti arba'in ko fiye a mota, likitan haƙori na gwamnati kuwa mun gaji da nema mun koma na kuɗi. Ba mu kaɗai ba ne: babban likitan gwamnatin Ingila, Chris Whitty, rahotonsa na 2021 kacokan a kan garuruwan gaɓa ya yi shi, ciwo ya fi yawa, ma'aikatan lafiya sun fi ƙaranci. Mun yi sa'a jirgin ƙasa yana zuwa ta wajenmu daga Norwich. Hunstanton da ke yamma da mu tun 1969 aka rufe nasu. Masallacin Juma'a ma Norwich ɗin ne, ranar nake haɗa duk sayayyar da ba a samu a nan.

Garin fuska biyu gare shi. Yuli da Agusta ba ka samun wurin ajiye mota a ƙofar gidanka, 'yan hutu sun cika ko'ina. Nuwamba na shiga rabin shagunan sun rufe, zuwa ƙarshen watan rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu, a layinmu gida huɗu ba fitila, masu su suna Landan sai zafi ya dawo. Su ne suka sa 'ya'yan garin ba sa iya sayen gida a inda aka haife su, har doka ta ba ƙananan hukumomi dama daga Afrilun 2025 su ninka wa irin waɗannan gidaje haraji. Ina jin shi ya sa maƙwabciyarmu, wata tsohuwa, tambayarta ta farko ba daga ina muke ba ce. Cewa ta yi, "Za ku zauna har hunturu?" Da na ce eh, washegari ta kawo mana jadawalin kwashe shara, ta nuna mini yadda ake ɗora bulo a kan murfin kwandon saboda tsuntsayen teku.

Tsuntsayen nan, Yaya, shaho ɗalibinsu ne. Ɗaya ya fizge burodi daga hannun autarmu ya bar ta da ihu. Sun yi sheƙa a jikin bututun hayaƙinmu, asuba ta fari suke fara kururuwa, kuma dokar 1981 ta hana taɓa sheƙar muddin da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. Na kira mai gyaran rufi ya sa mana waya a wurin, ya ce sai sun tashi, ya rubuta ni a Satumba. In zuwan naka ya tabbata ka bari sai bayan nan, ka kuma taho da rigar sanyi mai kauri, wadda ka zo da ita Landan ba za ta yi ba.