Gyaran Takalmin Hawan Dutse a Gusau: Inda Rumfar Baba Ta Gamsar da Inda Aikin Ya Fi Ƙarfinta

Takalmin da ake hawan fuskar dutse da shi ya sha bamban da takalmin tafiya, domin amfaninsa gaba ɗaya ya dogara ne a kan siririyar robar tafinsa, wadda kaurinta yake kusan milimita 4 a yawancin samfura. Duwatsu masu kaushi irin na Kwatarkwashi da ke kusa da Gusau suna cin wannan roba kamar yadda samfefa take cin katako, musamman a daidai babban yatsa, inda mai hawa yake ɗora nauyinsa. Ba kaya ne da ake shimfiɗawa a kasuwannin Gusau ba. Sai dai a yi odarsa daga waje da farashin dala, ko kuma a dace da shi a cikin dilar gwanjo. Saboda haka ne na kai takalma biyu wata rumfar gyara da ke kusa da babbar kasuwa, wurin wani dattijo ɗan gidan dukanci da kowa yake kira Baba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai yi maganar kuɗi ba sai da ya gama duba kayan. Ya juya kowane takalmi, ya danna babban yatsansa a kan robar da ta kewaye baki, wato wadda ta naɗe hancin takalmin ta sauko ta shige ƙarƙashin tafi, sannan ya zura hannu ciki yana laluben ko fata ta huje. Bai taɓa gyara irin wannan takalmi ba, amma ya kama ainihin wurin da ƙwararru suke dubawa, domin tafi abu ne da aka yi shi don a sauya, ita kuwa robar baki ita take riƙe da siffar takalmin.

Na farkon mai miƙaƙƙen tafi ne, mai igiya, kuma robarsa ta siraɗe a gaba ba tare da ta huje ba. Baba ya so ya sa masa robar taya ko tafin da ake sa wa takalman ofis, ni kuwa na roƙe shi ya yi haƙuri ya yi amfani da fallen robar hawa ta kamfanin Vibram mai suna XS Edge da wani ɗan'uwa ya aiko mini. Dalili shi ne robar hawa haɗi ne na musamman wanda yake lotsawa kaɗan ya kama ƙananan haƙoran dutse. Tun da kamfanin Boreal na ƙasar Sifen ya fito da takalmin Firé mai roba mai danƙo a shekarar 1982, manyan masu ƙera takalman hawa, irin su La Sportiva da Scarpa na Italiya, suka rungumi wannan hanya. Ita XS Edge ta fi tauri kuma ta fi jure tsayuwa a kan siraran gaɓoɓin dutse, yayin da XS Grip, wata robar ta Vibram, ta fi laushi da kamu amma ta fi saurin cinyewa, abin da ya sa na zaɓi ta farkon domin duwatsunmu.

Aikin da ya yi a kan wannan takalmi abin yabo ne. Ya ɗumama tsohuwar robar har gam ya saki, ya ɓare rabin gaba kawai ya bar dunduniya, ya kankare wurin tas, ya shafa gam a fuskokin biyu, kuma bai haɗa su ba sai da gam ɗin ya sha iska ya daina bin yatsa. Daga nan ya bi shi da guduma daga tsakiya zuwa gefe, ya ɗaure shi tamau da yankakken tiyub, ya ce in dawo washegari. Gefen ya datse shi da wuƙar dukanci, ya karkatar da bakin kaɗan yadda na nuna masa, har mahaɗar tsohuwar roba da sabuwa ta kwanta sumul. A kan dutse takalmin ya tsaya yadda nake so. Daga baya wani ɗan gefe ya ɗago, ya sake manne shi ba tare da ya karɓi ko sisi ba, ya kuma gargaɗe ni da kada in bar shi cikin mota a zafin bazara, domin zafin da ya saki tsohon gam zai iya sakin sabo.

Na biyun ne ya nuna iyakar rumfar. Shi mai lanƙwasasshen baki ne, irin wanda ake hawan dutse mai rinjayowa da shi, kuma ramin gabansa ya ratsa robar baki har ya taɓa fata. Baba ya faɗa mini gaskiya tun farko cewa zai iya yin faci amma ba zai ɗauki alkawarin siffa ba, domin ba shi da ƙafar katako mai irin wannan lanƙwasa da za a zura a ciki lokacin manni. Haka kuwa aka yi. Facin ya kama sosai, sai dai ya bar tudu a ƙarƙashin babban yatsa, bakin kuma ya miƙe, ta yadda ƙafa ba ta ƙara jin ƙananan gaɓoɓin dutse. Yanzu ba na sa shi sai a atisaye a ƙananan duwatsu kusa da ƙasa. Ban ga laifin hannunsa a nan ba. Rashin kayan aiki ne, kuma ko a ƙasashen da suke da masu wannan sana'a ta musamman, gyaran robar baki ƙarin kuɗi ne kuma ba koyaushe yake mayar da takalmi yadda yake ba.

A ganina, wanda takalminsa yake da miƙaƙƙen tafi, fatarsa lafiya, ɗinkinsa bai warware ba, kuma robar bakinsa ba ta yi laushi a ƙarƙashin yatsa ba, ya kamata ya gyara, domin ladan aikin Baba ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin sabo da na jigila. Lokacin kai shi shi ne sa'ad da layin da ya raba tafi da robar baki ya fara ja da baya a hanci. Wanda kuwa ya riga ya ga fata ko yatsansa ta cikin rami, ko takalmin ya saki har dunduniya tana zamewa, gara ya tara kuɗin sabo. Mai niyyar zuwa ya tafi da robarsa, ya wanke takalmin ya bushe sosai, ya kuma ware lokacin zama tare da Baba domin ya nuna masa yadda yake son a datse gefen.